JOS TA SAN MAJIGI, SAI TA KOYA WA MALAMAI SABONSA

Dattawan da suka taso a zamanin En'e ba za su manta da daren majigi ba. Mota za ta iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, da an idar da sallar isha'i sai gari ya hallara. Hoto yana motsi a jikin ƙyalle, mai bayani kuwa yana gefe yana fassara wa jama'a da Hausa. Ta haka aka koya wa talakawa tsabta da noman auduga da gyaɗa, har fim ɗin Baban Larai ya zama abin tunawa. Ita kanta kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan wata fitilar Turawa mai haska hotunan gilashi a bango, ɗaya bayan ɗaya, malami yana tsaye yana bayani.

To, wannan tsohuwar dabara ta dawo, sai dai yanzu babu mota babu ƙyalle. Akwai manhajojin kwamfuta da na waya waɗanda ke haɗa hoton mai magana da shafukan darasinsa su zama bidiyo guda. A cikin PowerPoint mutum yana iya ɗaukar muryarsa da fuskarsa a kan kowane shafi, sa'an nan ya mai da su fim. OBS Studio kuwa kyauta ce, tana ɗora hoton kyamara a kusurwar allo, rubutu da zane su cika sauran. Aikin da a da sai an tara ma'aikata a ɗakin talabijin, yau malami ɗaya yana iya gama shi a zaurensa.

Babu garin da wannan al'amari ya shafa kamar Jos. A nan ne gidan talabijin na Jihar Binuwai da Filato ya fara watsa hoto mai launi a 1975, kafin kowa a Nijeriya. A nan ne hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Kwalejin Talabijin ta NTA tana Rayfield tun 1980, Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa kuma ta biyo baya a 1995. A ƙasar Jos aka ɗauki wasan nan na Cock Crow at Dawn, wanda ya kwaɗaita wa mutanen birni noma. Watau garin ya daɗe da sanin yadda ake koyarwa da hoto.

Su wa suka fi bukatar wannan ilmi? 'Yan Arewa mazauna Kudu. Mai sayar da tumatir a Mile 12, da mahaucin Agege, da ɗan kasuwar Sabon Ibadan, da mai goro a Fatakwal, ba su da sukunin zama a aji, amma wuya ka ga wanda ba shi da waya a aljihu. Yawancin dankalin Turawa da kabeji da karas da suke sayarwa daga Bokkos da Mangu da kasuwar Farin Gada suke fitowa. Sun kuwa ga yadda tsutsar tumatir ta cinye gonakin Arewa a 2016, kwando ya yi tsadar da ba a saba gani ba a Ikko. Da masanin gona zai tsaya a kusurwar allo, hoton ganyen da cuta ta kama yana gefensa, ya yi bayani da Hausa cikin minti biyar, da fatake da kansu sun aika wa 'yan'uwansu manoma a gida. Haka likitocin dabbobi na Vom, inda ake binciken cututtukan shanu tun 1924, za su iya yi wa dillalan kara. Gani ya kori ji.

Akwai kuma maganar yara. Ɗan da aka haifa a Idi-Araba yana jin Hausa a bakin uwarsa, amma sau da yawa ba ya iya karanta ta. A 2020 annoba ta rufe makarantu, a 2022 kuma jami'o'in gwamnati suka yi wata takwas a kulle saboda yajin aikin malamai. Wanda ya sami darasi a waya ya rage asara, wanda bai samu ba ya zauna. Mafi yawan darussan da ke yawo kuwa da Turanci suke.

Sai dai tilas a faɗi gaskiya, wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. Fuskar mutum mai kwat, da zanen riba yana hawa sama a gefensa, suna sa zuciya ta amince. Masu damfara sun san haka. Waɗanda suka zuba dukiyarsu a MMM a 2016, da waɗanda CBEX ta rushe da kuɗinsu a 2025, shaida ne. Saboda haka kyan allo ba hujja ba ne. Kafin a gaskata darasi, a tambaya: wane ne mai maganar, a ina yake aiki, wa zai tsaya masa?

Ga kuma tsadar data, musamman tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Darasin da zai amfani talaka dole ya zama gajere, marar nauyi, mai manyan haruffa, wanda zai bi ta WhatsApp ba tare da ya cinye kuɗin cefane ba.

Abin da ya kamata a yi a fili yake. Kwalejin Talabijin da Cibiyar Fim da Jami'ar Jos su buɗe gajeren kwas na mako biyu domin malaman makaranta da malaman gona da ma'aikatan lafiya, kowane darasi ya fito da sunan cibiyar da ta tantance shi. Sarakunan Hausawa na Kudu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuwa kada su jira gwamnati. Su tara kuɗi, su faɗi darussan da suke so, su ɗauki nauyin samarinsu su je Jos su koyo. Ba a fafe gora ranar tafiya.