A Bar Yaranmu Su Koyi Lissafi a Gindin Gawo

Maganar da muka kawo a wannan fitowa ta shafi makarantar firamare, inda 'ya'yanmu na Kanya Babba da ƙauyukan Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa suke shafe shekara shida ta farkon karatunsu. Ra'ayinmu shi ne, kowace makaranta ta zaɓi aiki guda ɗaya a shekara wanda yara za su yi da hannunsu daga farko har ƙarshe, kuma a cikinsa su yi amfani da lissafi, kimiyya, Hausa, Turanci da aikin gona gaba ɗaya. Muna kuma ganin cewa mu iyaye ne ya kamata mu je mu nemi wannan, mu kuma tallafa masa.

Bari mu fara da abin da ya sa maganar ta zama dole. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa a cikin yaran Nijeriya masu shekara 7 zuwa 14, kusan ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke iya karanta ɗan gajeren labari ya gane shi, haka ma wajen lissafi mai sauƙi. An buɗe ƙofar makaranta ga kowa da shirin UPE a 1976, aka sake buɗe ta da shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Yara sun shiga aji. Abin da suke fita da shi ne abin dubawa.

Kowa a cikinmu ya san yarinyar da ke sayar da gyaɗa ko ƙosai, ba ta taɓa kuskuren canji, amma in aka rubuta mata wannan lissafin a allo sai ta tsaya tana kallon malam. Kowa ya san yaron da zai faɗa maka sunan kowace ciyawa da akuya ke ci da wadda ba ta ci, amma ya faɗi jarrabawar kimiyya. Waɗannan yara suna da kai. Matsalar ita ce an raba musu duniya gida biyu: abin da suka sani a gida da gona, da abin da ake haddacewa a aji. A cikin ajin ma an sake rabawa. Ƙararrawa ta buga, a rufe littafin lissafi a buɗe na kimiyya, kamar babu abin da ya haɗa su. To, ai manomi ba ya rayuwa haka. Ranar da zai sayi taki, a lokaci ɗaya yana lissafin kuɗi, yana duba ƙasar gonarsa, yana karanta rubutun jikin buhu, yana kuma ciniki.

Wannan tunani ba yau aka fara shi ba. A 1896 wani malami mai suna John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a birnin Shikago na Amurka, inda yara suke koyon awo da lissafi ta wajen girki, saƙa, aikin katako da lambu. A 1918 William Kilpatrick ya rubuta bayani a kan koyarwa ta hanyar aiki guda mai manufa, kuma daga nan hanyar ta bazu a duniya. A ƙasar Finlan, manhajar da ta fara aiki a 2016 ta wajabta wa kowace makaranta ta shirya wa yara aƙalla aiki ɗaya a shekara wanda ya haɗa darussa da dama. Ku lura, ba su soke darussan ba. Lissafi yana nan a lokacinsa, karatu yana nan a lokacinsa, sai dai an ba yaro wurin da zai ga amfaninsu tare.

Mun san akwai waɗanda da zarar sun ji an ce “haɗa darussa” sai gabansu ya faɗi, kuma suna da dalili. A manhajar da hukumar NERDC ta gyara, wadda aka fara amfani da ita a 2014, an tattara darasin addinin Kirista, na addinin Musulunci, zamantakewa, tarbiyyar ɗan ƙasa da ilimin tsaro a ƙarƙashin suna ɗaya. Ƙungiyar CAN ta yi kuka, Musulmi da dama ma ba su ji daɗi ba, har a 2017 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a ware darussan addinin biyu, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Abin da muke kawowa yanzu dabam ne. Ba a taɓa jadawalin makaranta, ba a shafe sunan wani darasi, ba a kuma sa yaro ya zauna darasin addinin da ba nasa ba. Malamai ne kawai za su yarda cewa na 'yan makonni, misalan da kowannensu ke bayarwa su fito daga aiki ɗaya.

Wane aiki ne ya dace da mu? Mu a ganinmu, itatuwa. Sunan garinmu ma sunan itace ne. Jigawa tana cikin jihohi 11 na arewa da ke bakin hamada, waɗanda aka sa cikin shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ba sai wani ya zo daga Abuja ya gaya mana iska tana kwashe ƙasar gona ba, ko cewa itacen girki yana ƙara nisa da tsada.

Ga yadda aikin zai iya tafiya da 'yan aji biyar. A zangon farko, bayan an cire amfanin gona, malamin lissafi ya fita da su da igiya mai tsawon mita 10, su auna fili mai mita 100 a tsawo da mita 100 a faɗi. Wannan shi ne hekta ɗaya, murabba'in mita 10,000, kuma yaron da ya taka shi da ƙafarsa ba zai manta ba. Su ƙirga itatuwan da ke ciki iri iri: gawo nawa, kanya nawa, kuka, tsamiya, aduwa, magarya, darbejiya. Su auna kaurin kowanne da zare, su zana jadawali. Malamin Hausa ya tura su wajen kakanninsu da tambaya uku: waɗanne itatuwa ne a wannan wuri lokacin ƙuruciyarku, wanne ya ɓace, me ake yi da shi? Kowane yaro ya rubuto amsar a shafi ɗaya, a gyara masa rubutu da ƙa'ida. Malamin kimiyya ya ɗauki tambayar da kowane manomi ya san rabin amsarta: me ya sa gero ya fi kyau a gindin gawo? Yara za su gano cewa gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun taki, dabbobi kuma suna taruwa a inuwarsa da rani su bar kashi.

A zango na biyu su yi rainon iri. Ledar ruwan sha da aka yar ta isa tukunya. A shuka ƙwayar gawo 50 da aka ɗan kankare bayanta, da wasu 50 da ba a taɓa ba, a ba su ruwa daidai wa daida, a riƙa rubuta wadda ta tsiro kowace safiya. In 35 suka fito cikin 50, kashi nawa ke nan cikin ɗari? Ga darasin da yake ba yara wuya a allo ya zo da kansa. A zango na uku, da ruwa ya sauka, su kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki su auna ruwan sama da rula, su dasa abin da suka raina, su yi masa shinge da ƙaya. Malamin Turanci ya sa su rubuta wasiƙa ta gaskiya zuwa sashen gona na ƙaramar hukuma, suna bayyana abin da suka ƙirga. A ƙarshe a kira iyaye da mai unguwa, yara su tsaya su yi bayani da bakinsu.

Kada wani ya ɗauka ƙirgar itace wasan yara ne. Maƙwabtanmu na tsallaken iyaka sun nuna mana abin da ke cikinta. A 1983, a yankin Maraɗi, wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara suna fitowa ne daga kututturen itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, sai itacen ya tashi da sauri domin saiwarsa ta riga ta kafu. Manoman Maraɗi da Damagaram suka ɗauka, masu bincike kuma suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya. Abin ya faro ne daga mutum ya sunkuya ya dubi abin da kowa ke takawa. Wannan idon muke so makaranta ta ba 'ya'yanmu.

Yanzu bari mu amsa abin da muka san za a faɗa. Na fari, za a ce wannan tsohuwar gonar makaranta ce aka canja wa suna. Da yawa cikin dattawanmu sun tuna lokacin da ake fitar da yara noma a rana, amfanin gona kuma ba su san inda ya tafi ba. Ko a Tanzaniya, inda Shugaba Julius Nyerere ya fito da manufar ilimi don dogaro da kai a 1967, an yi kukan cewa a wasu makarantu aikin ya koma ƙwadago kawai. Ma'aunin da za mu riƙe mai sauƙi ne: in yaro ya dawo gida da ƙura a ƙafa amma babu sabon rubutu ko lissafi a littafinsa, to ba darasi aka yi ba, kuma iyaye suna da ikon tambaya.

Na biyu, za a ce yaron da bai iya haɗa baƙi ba, ina shi ina rubuta rahoto? Wannan gaskiya ne. Aiki irin wannan ba ya maye gurbin malam ya tsaya ya koyar da baƙaƙe, wasula da jadawalin sau. A aji ɗaya zuwa uku, karatu da ƙirga su ne kan gaba kowace rana. Aikin da muke faɗa na 'yan aji huɗu zuwa shida ne, sa'a biyu ko uku a mako ya isa.

Na uku, za a ce malamai sun yi kaɗan, yara sun yi yawa, kuɗi babu. Shi ya sa muka zaɓi aikin da kayansa igiya ne, zare, gwangwani da leda. Aji mai yara da yawa ya fi sauƙin riƙewa in an raba shi ƙungiya ƙungiya, kowace da shugabanta da marubucinta. Mu kuma sa ido kada a bar 'yan mata da ɗebo ruwa maza suna riƙe da rula. Kowa ya auna, kowa ya rubuta.

Na huɗu, za a ce jarrabawar shiga sakandare ba ta tambayar gawo. Haka ne, amma tana tambayar faɗin fili, kashi cikin ɗari, sassan tsiro da rubuta wasiƙa, kuma gani ya kori ji.

To, mene ne namu a ciki? Kowace makarantar gwamnati ya kamata tana da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, inda iyaye, mata, masu sana'a da shugabannin gari suke zama da hedimasta. Sau da yawa mukan ja baya daga irin wannan zama muna cewa mu 'yan kaɗan ne, ba za a ji muryarmu ba. Amma wanda ya zo da igiya da iri da shawara mai amfani ga 'ya'yan kowa, da wuya a rufe masa ƙofa. Dattijon da ke da gona kusa da makaranta ya ba da izini a auna ta. Tsoffin malamai da ke cikinmu su taimaka wajen tsara makonnin aikin. Zumuntar mata ta ɗauki nauyin littattafan rubutu da fensir. Matasa su kula da ban ruwa lokacin hutu, domin a nan ne yawancin dashe ke mutuwa. Kaka kuma in jika ya zo da tambaya, a zaunar da shi a ba shi amsa, kada a kore shi.

Akwai wata riba da ba a rubuta ta a takardar sakamako. Yaronmu da yaron maƙwabcinmu Musulmi in suka riƙe bakin igiya ɗaya, suka yi gardama a kan ko itatuwan 17 ne ko 18, suka koma suka sake ƙirgawa tare, sun koyi abin da zai amfani zaman garin nan shekaru masu zuwa.

Saboda haka muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su sa wannan magana a zamansu na gaba, su zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su je su gaida hedimasta cikin ladabi kafin sabon zango, su tambaye shi ko zai yarda a gwada da aji ɗaya. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ubangiji ya ba malamanmu ƙarfi da haƙuri, ya ba 'ya'yanmu fahimi, mu kuma ya ba mu zuciyar tsayawa tare da su. Amin.