Fim Ɗin Ishtar: Wa Ya Ɗauki Asarar?

A shekarar 1987 kamfanin Columbia na ƙasar Amurka ya fitar da wani fim na barkwanci mai suna Ishtar. Labarin wasu mawaƙa biyu ne marasa basira, waɗanda suka bar birnin New York suka nufi Maroko neman abinci. Can suka faɗa cikin rikicin 'yan leƙen asiri, har suka ɓace a hamada tare da wani makahon raƙumi. Fitattun 'yan wasa biyu, Warren Beatty da Dustin Hoffman, su ne jaruman fim ɗin. An kashe fiye da dala miliyan 50, amma abin da aka samu a gidajen sinima na Amurka bai kai miliyan 15 ba.

A ganina, ba a yi wa fim ɗin adalci ba. Tun kafin ya fito jaridu suka yi ta yayata yawan kuɗin da ya ci, saboda haka masu sharhi da yawa sun riga sun yanke hukunci kafin su kalla. Gaskiya ne labarin ya yi sanyi a tsakiya. Amma waƙoƙi marasa daɗi da jaruman suke rerawa da gangan aka tsara su haka, kuma a nan dariyar take.

Abin da ya fi damuna shi ne makomar Elaine May, matar da ta rubuta fim ɗin ta kuma ba da umarni. A 1988 Hoffman ya fito a fim ɗin Rain Man, wanda ya jawo masa lambar yabo ta Oscar. Ita kuwa tun daga Ishtar ba ta sake ba da umarnin wani fim na sinima ba.