Kafin ka sayi amfili, juya bayansa ka karanta

Makon jiya ƙanena ya kira ni daga kasuwa, muryarsa har rawa take don murna. Aure zai yi bayan salla, yana ta harhaɗa kayan falo. Ya ce: "Yaya, na samu amfili mai wat 3000 da lasifikoki shida, duk a kwali guda, mai shagon ya ce zai bar mani a jika 90." Na ce masa ya juya bayan amfilin, ya karanto mani abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke fitowa. Ya yi shiru yana lalube, can ya ce wat 85. Na ce to, tambayi mai shagon yadda na'urar da ke shan wat 85 daga bango za ta amayar da 3000. Har yau ba mu samu amsa ba.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma ta wannan hanya na biyo, kuma na fi shi asara. Abin da nake so in faɗa a nan shi ne, yawancinmu ta baya muke fara sayen kayan sauti. Muna fara neman amfili mai babbar lamba, daga baya mu nemo lasifikar da za mu jona masa. A ganina lasifika da girman ɗaki ya kamata a fara dubawa, sannan a nemo amfilin da zai iya ɗaukar su. Lambar wat kuwa, wadda ita ce farkon abin da mai shago ke nuna maka, ita ce ta ƙarshe a muhimmanci.

Wannan 3000 da aka buga da jan fenti a jikin kwali, in ka matsa kusa za ka ga wasu ƙananan haruffa a gefenta: PMPO. Awo ne na ƙarfin da na'ura za ta iya fitarwa cikin ƙiftawar ido, kuma ba shi da wata ƙa'ida da kowa ya yarda da ita, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa nasa. Awon da ake kamawa shi ne wanda ake rubuta wa RMS, wato ƙarfin da amfili zai yi ta bayarwa ba tsayawa. Wannan wasa da lambobi ya daɗe. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka cewa mai tallar amfili sai ya bayyana ƙarfinsa mai ɗorewa. Mu nan ba mai tsare mu, sai idonmu. Ko manyan kamfanoni irin su Yamaha, Denon, Onkyo da Marantz, waɗanda lambobinsu suka fi kusa da gaskiya, sau da yawa layi ɗaya ko biyu kawai suke kunnawa lokacin awo. In ka jona lasifika biyar ko bakwai suka yi aiki tare, abin da kowace za ta samu ya ragu, tunda taransifoma guda ce ke ciyar da su duka.

Sannan ko wat ɗin na gaskiya ne, ba ya yin aikin da muke zato. Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, ɗan bambancin da kunne zai ji amma ba zai sa ka tashi daga kujera ba. Kafin kunne ya ji kamar an ninka ƙara, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Saboda haka tsakanin amfili mai wat 80 da mai 100 babu wani abin da ya kai a yi ta cinikin rantsuwa a kai.

Lambar da ta fi wannan amfani a jikin lasifika take, kuma ban taɓa jin mai saye ya tambaye ta ba. Ita ce ke nuna ƙarar da lasifika ke fitarwa in an ba ta wat ɗaya tal, aka auna daga nisan mita ɗaya. Yawancin na gida tsakanin desibel 85 da 91 suke. Yi lissafin da kanka, mai karatu: lasifika mai 91 da wat 25 za ta yi ƙarar da mai 85 ba za ta yi ba sai an ba ta wat 100. Kuma masana lafiyar kunne sun ce zama na awa takwas cikin ƙarar desibel 85 shi ne iyakar abin da ya kamata ma'aikaci ya jure. Ka ga ke nan sauraron da muke yi da dare, iyali na zaune ana hira, ƴan wat kaɗan yake ci. Ragowar ajiya ce don lokacin da bom ya tashi a fim ko ganga ta buga da ƙarfi. Falo mai mita huɗu da biyar, amfili mai wat 50 zuwa 80 na gaskiya a kowane layi ya ishe shi har da saura.

Inda ni na faɗi kuwa, wajen om ne. Shekara biyar da suka wuce na sayi amfili na hannu, irin waɗanda ke shigo mana daga Turai, mai nauyi, mai kyau, ba abin da ya same shi. Kuɗina suka ƙare a kansa, sai na ce bari in lallaɓa da tsofaffin lasifikokin da suka zo da wani kayan kwali da na taɓa saye. A bayan amfilin an rubuta om 6 zuwa 16. A bayan lasifikokin an rubuta om 3. Na gani, ban san me suke nufi ba, ban kuma tambaya ba. Ranar sunan ɗiyata gida ya cika, na ƙure murya. Amfili ya yi zafi ya kashe kansa. Na sake kunnawa. Ya sake mutuwa. A karo na huɗu sai warin ƙuna ya cika falon, mata suna tambaya ko an bar wani abu a wuta.

Mai gyara da ya buɗe shi ya dube ni ya ce: "Maigida, ai kayan raƙumi ka ɗora wa jaki. Sau uku yana durƙusawa kana tada shi da sanda." Shi ya fahimtar da ni cewa duk lokacin da om ya yi ƙasa, lasifika na jan wuta mai yawa daga amfili, kuma kashe kansa da ya yi ta yi, kariya ce aka gina masa. Ya ƙara mani da wani abin da na ga mutane da yawa na yi: cusa wayoyin lasifika biyu a rami guda. Biyu masu om 8 in an haɗa su haka sun koma 4, masu 6 sun koma 3, masu 4 kuwa sun koma 2, abin da kusan babu amfilin gida da zai jure. Dokar mai sauƙi ce. Om ɗin lasifika kada ya gaza ƙaramar lambar da ke bayan amfili. In lasifikarka mai om 4 ce, sai ka nemi amfilin da aka rubuta ƙarara cewa yana ɗaukar 4.

Akwai kuma wani abin da ya ba ni mamaki a bakin mai gyaran. Ya ce yawancin lasifikokin da ake kawo masa da ƙonanniyar tuwita, wato ƴar ƙaramar da ke fitar da siririyar murya, ƙaramin amfili ne ya kashe su. In aka matsa wa amfili ya wuce iyakarsa, sautin na tsagewa, kuma wannan tsagaggen sauti a kan tuwita yake sauka. Da ka ji murya ta fara kaushi kamar ana yaga atamfa, rage, ko da maɓallin bai kai rabi ba.

Tunda ana maganar kayan hannu, a duba bolt kafin komai. Wutarmu 220 ce. Na Turai 230 suke, ba matsala. Na Amurka 120 ne, na Japan 100, kuma su ma suna iso mana cikin kwantena ɗaya da sauran. Jona ɗaya ya isa ya gama da su in babu taransifomar rage wuta. A tambayi rimot ma, don akwai saituna da yawa da ba a isa gare su sai da shi. Haka ɗan makirufon da ake auna ɗaki da shi, wanda tsarin YPAO na Yamaha ko Audyssey na Denon da Marantz ke aiki da shi. Da wuya ka same shi tare da na hannu.

Yanzu ga inda na san wasu za su ja da ni. Ni a ganina mafi yawan falukanmu ba su buƙatar lasifika shida. Tsarin da ake kira 5.1, wato biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a baya da wufa mai dundu, don finafinan da aka haɗa sautinsu a haka aka yi shi. Dolby Digital ya fito a sinima a 1992, DTS ya biyo a 1993 da fim ɗin Jurassic Park. To mu me muke kallo? Labarina da Daɗin Kowa, finafinan Kano a YouTube, fassarar Indiya, labarai, waƙoƙin da aka turo a WhatsApp. Kusan duk layi biyu ne, hagu da dama. Amfili na iya rarraba su ya cika lasifikokin baya da wani abu, amma ƙirƙira ce, ba abin da mai fim ya ɗauka ba ne. Kuma na shiga gidaje da dama na tarar da lasifikoki biyar ɗin an jere su reras a kan teburin tele, don ba wanda ke son waya ta ratsa tsakar falo yara su yi tuntuɓe. In haka za a yi, me aka saya?

Kuɗin da za a raba wa ƙananan gwangwanaye shida, in aka zuba shi a lasifika biyu masu kyau, kunne zai gode. Wajen kiɗa abin ya fi fitowa fili. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, gurumin marigayi Malam Maman Barka, muryar Shata a kan kalangu, gitar Bombino, duk a tsakiyar sauti suke zaune, inda muryar ɗan Adam take. Kayan kwali kuwa a nan suka fi rauni: sama tsiwa, ƙasa dundu, tsakiya wayam. Mu kuma mun saba auna kyan kaya da yadda wufa ke girgiza taga. Maƙwabci dai ya san ka yi sabon kaya, amma kai ba ka jin abin da mawaƙi ke faɗa.

Ban ce amfilin sinima ba shi da amfani ba. Wanda ke kallon finafinan waje a Netflix ko a faifan Blu-ray, yana da inda zai kafa lasifikokin baya, zai ji daɗinsa ƙwarai. Shawarata gare shi ya sayi amfilin, ya fara da biyun gaba, in hali ya samu ya ƙara ta tsakiya, don ita ke ɗauke da yawancin maganar ƴan wasa. Ta kasance ƴar gida ɗaya da na gaban, kamfani ɗaya, jeri ɗaya, in ba haka ba jarumi zai riƙa sauya murya yana tafiya daga hagu zuwa dama. Wufa ta biyo baya, kuma a lura: yawancin waɗannan amfili sigina kawai suke tura wa wufa, sai mai nata amfili a ciki, wadda ake jonawa a bango. Ta cikin kayan kwali galibi ba ta da shi, ba za ta yi ko tari ba. In an saita, a bar wa wufa abin da ke ƙasa da 80 Hz, wannan na sauke wa amfili da ƙananan lasifikoki nauyi mai yawa. Shi kuwa Dolby Atmos, da ya fito a 2012, cikakkensa har a rufin ɗaki ake kafa masa lasifika. Wanda ke gidan haya ya fara shawara da mai gida kafin ya biya kuɗin wannan tambari. Abin da ya fi shi amfanin yau da kullum shi ne ramin HDMI mai rubutun ARC a tele da amfili, waya ɗaya ta kawo sautin duk abin da ake kallo.

Sauran maganar ta ƙasarmu ce, wadda takardar da ke cikin kwali ba ta san da ita ba. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, amfili kuma da ramukan samansa yake numfashi. Mu sai mu tura shi cikin kabad mai gilashi, mu ɗora masa dikoda, uwargida ta rufa masa kyalle mai ado don ƙura. Kyallen a rufa in an kashe, a cire in za a kunna, a bar masa kamar taƙi guda a sama. A sa masa regilatar saboda hawa da saukar wuta, in an ɗauke kuma a zare shi daga bango kafin a dawo da ita. Masu sola su sani ƙaramar inbata mai arha kan sa taransifomar amfili gurnani da zafi. Falon da ke da karo a ƙasa da bangon siminti tsirara kuwa, amsa-kuwwa zai yi ta yi ko nawa ka kashe. Darduma mai kauri da labule sun gyara mani sauti fiye da sauya amfilin da na yi.

Jiya muka koma kasuwar tare da ƙanen nawa, da waƙoƙi uku da muryar wani mai karanta labarai a cikin wayarsa. Shago huɗu muka shiga, ko'ina muka roƙi a rage dundu a bar mu mu ji magana. A na ƙarshe muka samu lasifikoki biyu na hannu masu om 8 da desibel 89, kuɗinsu ya cinye kusan duk abin da ya tanada. Amfilin sai ƙarshen wata, mun dai bar wa mai shagon abin da muke nema a rubuce: bolt 220 ko 230, mai ɗaukar om 8, da ramin ARC, da rimot ɗinsa. A hanya ƙanen nawa yake cewa abin da ke damunsa yanzu shi ne yadda zai yi wa dangin amarya bayani in sun zo jere suka ƙirga lasifika biyu kacal.