Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gina Manhajar Sayen Kaya Da Kula Da Kadarorin Gwamnati

'Ya'yana da ƙannena a wannan sana'a,

Yabonku ba zai ci mini lokaci ba, domin a fili yake. Tun da aka yi dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, aka kafa hukumar BPP, muke burin ranar da ɗan kwangila zai nemi aiki daga shagonsa ba tare da zarya a ofis-ofis ba. Yau an kai ga haka a wurare da dama, kuma da hannunku aka kai. Allah ya saka muku da alheri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata ɗabi'a ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kuna binne ƙa'idojin da kowa ya san za su sauya a cikin rubutun manhaja, sannan ku ɗaure sassanta da juna tamau, har ya zama ba a taɓa ɗaya sai sauran sun girgiza.

A ranar 1 ga Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. A wata ma'aikata da aka kira ni in duba aikinta, an rubuta lambar 5 a wurin lissafin tayin 'yan kwangila, an sake rubuta ta a takardar oda, an kuma rubuta ta a bauca, kowace da kanta. Aka gyara biyu, ta ukun ta ɓuya. Na tarar da akanta da kalkuleta a hannu, yana soke adadin da kwamfuta ta buga da jan biro, yana rubuta na gaskiya a sama, yana sa hannu a gefe. Wanda ya gina manhajar kuwa ya ce sai an yi sabuwar yarjejeniya. Ba a jima ba Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga kuɗin kafin alƙalami da ake iya ba ɗan kwangila na gida daga kashi 15 zuwa 30. Iyakar kuɗin da babban sakatare zai iya amincewa da shi ma, takardar sanarwa guda ce ke sauya ta. Duk waɗannan wurinsu ɗaya ne: sashe na ƙa'idoji mai zaman kansa, kowace ƙa'ida da ranar da ta fara aiki, domin kwangilar watan Janairu a lissafa ta da tsohon haraji, odita kuma ya ga wanda ya sauya da lokacin da ya sauya.

Wannan fa ba sabon ilimi ba ne. David Parnas ya yi bayaninsa tun 1972: idan za ka raba manhaja kashi-kashi, ka fara lissafa abubuwan da ake sa ran za su sauya, ka ba kowanne sashensa, ya ɓoye shi daga sauran. Mu da muka koyi aiki lokacin da kwamfuta ɗaya ake bin layi a kanta, sai da muka zana wannan a takarda kafin a bar mu mu taɓa madannai. Ku da kuke da kayan aikin da ko a mafarki ba mu gani ba, me ya hana ku?

Na san amsarku. Za ku ce ai kun raba, ga sashen rajistar 'yan kwangila, ga na tayi, ga na biya, kowanne a kan sabarsa. To, amma in an leƙa sai a ga duka hannunsu a rumbun bayanai guda, sashen biya yana karanta teburin sashen tayi kai tsaye. A gidan Bahaushe baƙo a zaure yake tsayawa, ya yi sallama, ya faɗi buƙatarsa, a fito masa da ita. Zauren sashe shi ne API ɗinsa, kuma wanda yake haura katanga ya shiga har ɗaka, ranar da masu gida suka sake tsarin ɗakunansu shi zai fara faɗuwa. Wasunku gaggawa ce ta ja su. Amma akwai masu yin haka da gangan, su bar ƙofa ba bayani a rubuce, su riƙe bayanan hukuma a sigar da su kaɗai ke iya buɗewa, don a riƙa kiransu ana biya har abada. Wannan cin amana ne, kuma kuɗin talakawa ake ci. Ku yi haƙuri da zafin harshena, na san yawancinku ba ku cikin wannan sahu.

Laifi na biyu daga na farkon ya fito, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Kaya yana ɓacewa tsakanin saye da sito. Manhajar saye ta san an biya kuɗin janareta, rajistar kadarori kuma ta san akwai wani janareta a bayan asibiti da lamba da aka rubuta masa da fenti, amma babu abin da ya haɗa su. A zamanin takarda, da duk jinkirinsa, ba a biyan ɗan kwangila sai an liƙa wa bauca takardar shaidar cewa mai sito ya karɓi kayan, ya shigar a littafi. Tsofaffin ma'aikatan nan masu rula da tawada sun riƙe igiyar da ku kuka saki. Alhali tun 2016 gwamnatin tarayya ta koma tsarin lissafin IPSAS da ke buƙatar a san kowace kadara da darajarta.

Melvin Conway ya lura tun 1968 cewa manhaja takan ɗauko kamannin yadda masu aikinta suke magana da juna. Ofishin saye ba ya zama da ofishin sito, shi ya sa manhajojinsu ma ba sa gaisawa. Haƙƙinku ne ku zaunar da su kafin ku rubuta layi ɗaya. Maganin kuma yana hannu: ma'aunin OCDS na 2014, wanda shafin NOCOPO na BPP yake bi, yana ba kowace kwangila lamba guda tun daga tsarawa har kammalawa. Ku sa lambar nan ta bi kayan zuwa sito, zuwa gyara, har ranar gwanjo.

Ku dubi Yukren. ProZorro, manhajarsu ta sayen kayan gwamnati wadda ta zama dole ga hukumomin ƙasar a 2016, rumbu ɗaya ne a hannun gwamnati, dandalin kamfanoni masu zaman kansu da yawa suna haɗuwa da shi ta ƙofa guda wadda bayaninta a buɗe yake. In wani kamfani ya janye, saye ba ya tsayawa. Ban ce ku kwafe su ba, kuma ban ce ku farfasa ƙaramar manhaja gida ashirin don yayi ba. Sassa huɗu masu iyaka tsayayya sun wadatar da ma'aikatu da yawa.

Roƙona gare ku shi ne, kafin ku miƙa aiki na gaba, ku ba jami'in hukumar dama ya sauya adadin haraji da kansa kuna kallo, sannan ku ɗauki kadara guda daga sito ku bi sawunta har kwangilar da ta sayo ta. In ɗaya ya gagara, kada ku nemi biya tukuna.

Wassalam, daga babanku a sana'a.