Yawon buɗe ido a CERN, da maganar na'urar gashin da muke gudu

Wannan makon za mu ɗan ajiye maganar zazzaɓin yara da abincin yaye. Zan kai ki yawon buɗe ido wani wuri mai nisa, daga can kuma mu dawo asibiti, inda na fi wayo.

A gefen birnin Jeniba, daidai kan iyakar Suwizalan da Faransa, akwai wata cibiyar bincike da ake kira CERN. Ƙasashen Turai 12 ne suka haɗa hannu suka kafa ta a 1954. Aikinta shi ne gano abin da komai ya ƙunsa a can ciki. Ki ɗauki ƙwayar gero ki daka, ki niƙa, ki yi ta raba garin har ki wuce abin da ido ke gani, za ki isa ga ƙwayar zarra. To ita ma zarrar tana da 'ya'ya a cikinta, kuma su ne mutanen CERN suka sa a gaba shekara saba'in ke nan.

Wani gajeren horo ne ya kai mu birnin, aka ba mu hutun yini guda, na ce bari in je in ba idona abinci. Zuwan ba wuya. Daga babbar tashar jirgin ƙasa za ki hau jirgin cikin gari mai lamba 18, ya sauke ki a ƙofar wurin. Shiga kyauta ne, abin mamaki a garin da kuɗin shayi kofi ɗaya zai sa ki riƙe baki. Ranar Litinin ce kawai ba sa buɗewa. A watan Oktoban 2023 suka buɗe sabon sashen baƙi wanda aka tsara har da yara 'yan shekara biyar, kuma a ranar da na je ƙananan yara sun fi manya yawa, suna ta danne-danne da taɓe-taɓe, ba mai daka musu tsawa.

Babbar na'urar da ta yi wa wurin suna, LHC, mai ziyara ba ya ganin ta. Tana ƙarƙashin ƙasa, zurfin kusan mita 100, a cikin wani rami mai zagaye da tsawonsa ya kai kilomita 27. A sama gonaki ne da ƙauyuka, shanu na kiwo abinsu. A ƙasa kuwa ana harba wasu 'ya'yan zarra da ake kira furoton, wasu ta dama wasu ta hagu, suna zagaya ramin sau fiye da 11,000 a daƙiƙa ɗaya, sannan a sa su yi karo don a ga abin da zai fito. Manyan maganaɗisu ne ke riƙe su a kan hanya, kuma sai an sanyaya su zuwa digiri 271 ƙasa da sifili kafin su yi aiki. Da wannan na'ura aka tabbatar da ƙwayar Higgs a ranar 4 ga Yulin 2012. Shi Peter Higgs tun 1964 ya yi hasashenta a takarda, ya jira shekara 48. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka gabatar da sakamakon a ranar mace ce, Fabiola Gianotti 'yar Italiya, wadda ta zama mace ta farko da ta shugabanci cibiyar a 2016. Ki faɗa wa 'yarki wannan idan ta ce lissafi na maza ne.

Abin da baƙo ke gani shi ne samfurin maganaɗisun, shuɗi, mai tsawon mita 15, an ajiye a waje ana ɗaukar hoto da shi, sai ɗakunan nuni, sai kuma tsohuwar na'urarsu ta farko da ta yi aiki daga 1957 zuwa 1990. Af, shafukan intanet ɗin nan da kike karanta ni a kai, a can Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarinsu a 1989, cibiyar kuma ta sake shi kyauta ga duniya a 1993.

Sai mu dawo gida. Na'urar gashi da ake yi wa masu ciwon daji magani da ita, irin ta zamani, dangin waccan ce ta ƙarƙashin ƙasa, sai dai ita a ɗaki ɗaya take. Ba a CERN aka ƙera ta ba, tun 1953 aka fara yi wa majiyyaci magani da irinta a Landan, amma ilimin ɗaya ne. Tana ingiza wasu 'ya'yan zarra masu suna ilektaron da gudu, su bugi wani ƙarfe, sai haske mai ƙarfi irin na hoton ƙashi ya fito, a saita shi daidai kan ƙarin da ake son kashewa. CERN ta taimaka wajen tsara wata irin da ta fi wannan, mai amfani da furoton, wadda ke sauke yawancin ƙarfinta a kan ƙarin ta rage taɓa naman da ke bayansa. Da wannan tsari aka gina cibiyoyin magani a Italiya da Ostiriya.

Dalilin da ya sa na jawo zancen nan, kalmar “gashi” kanta tana korar mana mata. Na sha ganin mace mai sankarar mama ko ta bakin mahaifa, likita ya ce za a tura ta gashi, ta fita ta yi ta kuka, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarta ba sai bayan wata shida, ciwon ya ci jiki. A tunaninta wuta za a sa mata kamar tsire. Wasu kuma dangi ne ke hana su, wai duk wadda ta shiga na'urar ba ta fitowa da rai. Gaskiyar ita ce da yawa sai ciwo ya yi nisa suke zuwa, idan rai ya yi halinsa sai a ɗora wa na'ura.

Ga yadda abin yake. Za ki kwanta a kan gado, kan na'urar ya juya a gefenki, ba ya taɓa ki. A lokacin ba zafi, ba ƙuna, ba abin da za ki ji sai ƙarar inji. Mintoci kaɗan ne, kuma gyara miki kwanciya ya fi harbin hasken ɗaukar lokaci. Yawanci kwana biyar ake yi a mako, na tsawon wasu makonni, kuma tsallake rana yana rage amfanin maganin. Wahalarsa tana zuwa a hankali: kasala mai yawa, fatar wurin ta yi duhu ko ta yi tsami kamar ƙunar rana. Gashin kai ba ya zuba sai in kan ne ake yi wa. Abin da aka fi tambayata kuma, ko za ta iya ɗaukar ɗanta bayan ta fito? Za ta iya. Da zarar an kashe na'urar hasken ya ƙare, ba ya zama a jiki, ba ya bin ta gida. Akwai wani nau'in da ake sa maganin a cikin jiki, musamman ga sankarar bakin mahaifa, shi yana da nasa ƙa'idojin da likita zai faɗa miki. Mai juna biyu, ko mai zargin tana da shi, lallai ta faɗa kafin a fara.

Ba zan ɓoye miki ba, na'urorin nan sun yi mana kaɗan ƙwarai. Kusan rabin masu ciwon daji kan buƙaci gashi a wani mataki, amma mace sai ta yi tafiyar yini, ta kama ɗaki a garin da ba ta san kowa ba, wani lokaci ta tarar na'ura ta lalace. Ina tsaye gaban shuɗin maganaɗisun nan abin da ke raina ke nan. Saboda haka idan an tura ki ko wata taki, ku bugo wa cibiyar waya kafin ku kama hanya, ku tambayi ko na'urar na aiki, zama nawa za a yi, nawa ne kuɗin gaba ɗaya. Ku tafi da duk sakamakon gwaji da hotunan da aka yi a baya.

Wadda ta taɓa yin gashi, ko ta yi jinyar mai yi, ta taimaka ta ba mu labarin yadda ta kaya a wurin sharhi a ƙasa, ba sai ta sa sunanta ba. Tambayoyin da suka fi yawa zan haɗa su in amsa mako mai zuwa.