Buhun shinkafa da tambarin kamfani: ina kwamitin masallaci ya tsaya?

Da zarar an ga watan Ramalana, motocin kamfanoni kan fara sintiri zuwa Fadama a Accra, gidan Babban Limamin Ghana, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu. Bankuna da kamfanonin waya da masu sayar da kayan abinci suna sauke shinkafa, sukari da man girki, idan Babbar Sallah ta matso kuma a ƙara da sa ko rago. Washegari hoton yana jarida da Facebook. Haka ake yi a ƙananan masallatanmu na Nima, Mamobi da zangon Kumasi, inda kamfani zai ɗauki nauyin buɗa-baki ko musabaƙar Alƙur'ani, a kafa rumfuna masu launinsa.

'Yan uwa, wannan kuɗin galibi daga sashen talla yake fitowa, kuma da lissafi. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kusan kashi 20 cikin 100 na mutanen Ghana. Allon talla a bakin titi mutum kan gani ya wuce, amma sunan da aka ambata a lasifikar masallaci, aka bi shi da addu'a, yana zama a zuciya. Ga kuma dokar haraji ta 2015, wato Act 896, wadda ta ba da damar cire wasu gudummawar jin ƙai daga kuɗin da za a ɗora wa haraji. Saboda haka kamfani yana saye ne, abin da yake saye kuwa shi ne yardar da jama'a suka yi wa limaminsu.

Ba mu ce haramun ne ba. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba sadakar bayyane, duk da ta fifita ta ɓoye, kuma Sayyidina Usman (RA) a gaban jama'a ya shirya rundunar Tabuka. Niyyar mai bayarwa tsakaninsa ce da Allah. Abin da za a tambaye mu shi ne sharuɗɗan da muka amince da su.

Wanda ya fi damunmu shi ne fuskar mai karɓa. A tara zawarawa da marayu tun hantsi, da ƙishirwar azumi, suna jiran manaja da masu kyamara; a miƙa wa tsohuwa ƙaramin buhu, a ce ta ɗaga shi sama, ta yi murmushi. Hoton zai shekara yana yawo a intanet, shinkafar kuwa ta ƙare cikin mako guda. Jikanta zai gan shi a wayar abokansa a makaranta. Aya ta 264 a wannan surar ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma mu da muka rubuta sunayen, muka jera mutanen, muna da kaso a ciki. Wani lokaci ma kuɗin rumfa da riguna da ɗaukar hoto ya fi abin da aka raba.

Sai batun wanda ke bayarwa. Kamfanonin cacar ƙwallo sun cika unguwanninmu, kuma a 2025 gwamnati ta soke harajin kashi 10 da aka ɗora a 2023 kan abin da ɗan caca ya ci. Idan irinsu suka kawo tallafin gasar matasa, sai liman ya yi huɗuba kan caca alhali tambarinta na jikin rigunan yaran? Wannan a mayar musu cikin ladabi, haka na masu giya da masu ba da bashin ruwa ta waya.

Sauran kuwa a zauna da su kafin ranar, a rubuta a takarda: nawa ne zai isa hannun mabuƙata, tambari ya tsaya a wajen harabar sallah, ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa, ba a karɓar lambobin wayar mutane a wurin rabo. Idan kamfani yana son hoto, ga 'yan kwamiti da buhunan, a ɗauke su, rabon kuma a kai gida-gida bayan Isha'i.