Mai Haki A Gayya Ba Rago Ba Ne

A daminar da ta wuce na halarci gayyar huɗa a wani ƙauye da nake kai wa ziyara. Mutum wajen ashirin suka jeru da garemani, makaɗi yana biye da su. Tun rana ba ta take ba, wani magidanci mai kimanin shekara sittin ya ajiye garma, ya zauna a kan kunya yana haki. Makaɗi ya juya ganga kansa, ya yi masa zambo, samari suka tuntsure da dariya. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Bayan mako biyu na ji an kai shi asibiti, aka tarar jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, tsutsar ciki ce take shanye shi.

'Yan'uwa manoma, ra'ayina shi ne mu daina auna ƙwazon mutum da yawan jimirinsa ga haki. Haki magana ce jiki yake yi, ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya iya jin ta.

Ga yadda abin yake. Sa'ad da babban mutum yake zaune, zuciyarsa takan buga tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20. A wannan hali zuciya tana tura jini kamar lita 5 kowane minti. Da ya ɗaga garma, naman hannu da na baya da na cinya sai su shiga ƙona abinci da sauri domin su sami ƙarfi. Ƙonawar nan tana bukatar iskar oksijin, kamar yadda wutar maƙera take bukatar zugazugi. Jini ne yake ɗauko iskar daga huhu ya kai wa naman jiki, shi ne kuma yake kwaso gurɓatacciyar iskar da ƙonawar ta bari ya mayar huhu a fitar. Saboda haka zuciya takan ƙara sauri, ta kuma ƙara yawan jinin da take turawa a kowane bugu, har ya kai lita 20 a minti, watau jarka guda cike. Numfashi kuma yakan yi zurfi, ya haura sau 40 idan aiki ya yi tsanani. Wannan duka daidai ne. Shi ne ma yake ƙarfafa zuciya, shi ya sa wanda ya saba aikin ƙarfi zuciyarsa takan buga a hankali in yana hutawa, wani ma ƙasa da 60.

Amma fa kowace zuciya da iyakarta, iyakar kuwa tana sauka da shekaru. Masana suna da wani ƙiyasi mai sauƙi: a cire shekarun mutum daga 220. Saurayi mai shekara 20 zai iya kaiwa wajen 200, mai shekara 60 kuwa wajen 160. To, ku duba. Idan dukansu biyu zuciyarsu tana buga 150 a kan kunya, saurayin yana da sauran wuri, dattijon kuwa ya kusa bango. Mu kuwa sai mu jera su a layi guda, mu sa ganga ta hana kowa tsayawa.

Zafi yana ƙara wa zuciya kaya. Jiki yakan tura jini zuwa fata domin ya huce, gumi kuma yana rage ruwan jini, sai zuciya ta ƙara bugu domin ta yi aikin da ta yi da safe cikin sauƙi. Wanda ya ce ba ya shan ruwa sai an tashi, zuciyarsa ce take biyan bashin alfaharinsa.

Wani zai ce kakanninmu sun yi noma ba su ƙirga kome ba. Gaskiya ne. Amma su kan fita tun da asuba, su nemi inuwa in rana ta take, ba su kuwa da agogo a aljihu. Yau kusan kowa yana da shi a wayarsa. A kwalejin horon malamai an koya mana wannan ƙirga, muka riƙa sa yara su zaga filin ƙwallo su dawo su gwada. Abin da ɗan aji biyar ya iya, ba zai gagari mai iyali ba. Ka ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Kada ka sa babban yatsa, gama shi ma yana da nasa bugun. Ka ƙirga na rabin minti, ka ninka biyu. Ka gwada da safe kafin ka fita, ka gwada da ka ajiye garma, sa'an nan ka sake bayan minti ɗaya ko biyu. Ƙirgan na ƙarshen nan shi ya fi ba da labari. Lafiyayyar zuciya takan fara saukowa nan da nan, numfashi kuma ya lafa har mutum ya iya magana sosai.

Hakin da ya kamata ya tsorata mu shi ne wanda ya fi ƙarfin aikin da aka yi. Mutum ya ɗauko guga ɗaya daga rijiya ya kasa magana. Ko ya huta minti goma zuciya tana ta lugude. Ko hakin ya zo da ciwon ƙirji, ko jiri, ko kumburin ƙafa, ko mutum ya kasa kwanciya sosai da dare sai ya jingina. Wannan na asibiti ne, a ranar. Sau da yawa ƙarancin jini ne daga zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki, maganinsu kuwa ba shi da tsada. Wani lokaci zuciyar ce da kanta.

A nan ina roƙon maza su dubi matansu. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura mata da yawa suna zuwa da kasawar zuciya a watannin farko bayan haihuwa, har yau kuwa ciwon bai rabu da ƙasarmu ba. Alamarsa ta fari ita ce haki a kan ɗan aiki, daka ko ɗiban ruwa. Mai jego da take tsayawa sau uku kafin ta gama surfe ɗaya, kada a ce mata son jiki take yi.

A taron ƙungiya na gaba zan kawo shawara, in kuka yarda mu rubuta ta a littafi. Duk gayyar da ƙungiya ta kira, a ajiye tulun ruwa a bakin gona, a tsaya a sha kowace sa'a. A ba dattawa nasu layi, su tafi a kan nasu ƙarfi. A zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa taɓa hannun duk wanda ya zauna kafin lokaci. Zan zo da agogo, mu fara gwadawa a kan junanmu a ranar.